Comanche 250 na A2A: ƙaramin jirgin da na tsaya a kansa a simuleta

Jama'a barkanmu da warhaka. Abokaina biyu ne suka dame ni da tambaya ɗaya cikin satin nan, wai wane ƙaramin jirgi ya kamata mutum ya saya a Microsoft Flight Simulator, wato manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, in ya gaji da waɗanda suka zo da shi, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta abin da na gani da idona, tunda kuɗin nan da dala ake biya kuma kowa ya san yadda dala take a yanzu. Ni dai wanda na tsaya a kansa shi ne Piper Comanche 250 na kamfanin A2A Simulations, amma ba kowa zan ce ya saya ba, zan faɗi dalili.

Da farko in har ba ka iya sauke Cessna 152 ɗin da ya zo kyauta lafiya lau ba, to don Allah ajiye katinka tukuna. Tun da simuletan ya fito a watan Agustan 2020 akwai 152 da 172 a cikinsa, kuma su ne irin jiragen da ake koyon tuƙi da su a makarantu da yawa na duniya, ba a banza aka saka su ba. Ka yi ta zagaye filin jirgi, ka tashi ka sauka ka tashi ka sauka har hannunka ya faɗa, sannan a zo maganar saye. Ni ban yi haka ba, na yi gaggawa na sayi wani jirgi saboda hotunansa sun burge ni, kujerun fata, fenti na sheƙi, komai tsaf, ba zan kira sunan masu shi ba, amma da na shiga sai na tarar injin ba ruwansa da abin da kake yi masa, ka taka totur har ƙarshe awa biyu ko ka bar shi a sanyi ka tashi, duk ɗaya ne, ƙarar ma iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Sati biyu na ajiye shi, kuɗin kuma sun tafi, abin ya yi min ciwo sosai.

To shi Comanche fa? Jirgi ne na gaske da kamfanin Piper na Amurka ya fara fitarwa a 1958, kujeru huɗu, tayoyi masu naɗewa, inji Lycoming O-540 mai silinda shida da ƙarfin doki 250, kuma kafireta gare shi irin na tsofaffin motoci, ba injekta ba. A 1972 ambaliya ta cinye masana'antarsu da ke Lock Haven a jihar Fensilbaniya, daga nan ba a sake ƙera shi ba. A2A sun fitar da nasu na simuleta a watan Yulin 2023 kan dala 49.99, kuma abin da ya ja hankalina tun farko shi ne mai kamfanin, Scott Gentile, yana da Comanche nasa na gaske da yake tuƙawa, shi suka auna suka kwaikwaya, ba daga takarda kawai suka haɗa ba.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne jirgin ba ya mantuwa. Yadda ka bar shi jiya haka za ka same shi yau, fetur ɗin da ya rage, baƙin man da ya ragu, in ka manta ba ka kashe batir ba ka dawo ka same shi ya yi sanyi. Kafin ka shiga akwai zagayen dubawa, ka kwance igiyoyin da aka ɗaure fukafukai, ka cire katakon da aka tare taya, ka zaro sandar gwajin baƙin mai ka gani, ka tsiyayi fetur kaɗan a 'yar kwalba ka duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ka motsa fukafukan wutsiya da hannu. Da farko na ɗauka ado ne kawai na sayar da kaya, ashe duk abin da ka tsallake yana iya biyo ka sama. Tayar da shi ma sai da lura, in da sanyin safiya ne ka ɗan ba shi mai kafin ka murza ki, in ka cika masa ya shaƙe ya ƙi tashi, sai ka yi haƙuri ka bi da shi a hankali. Duk wanda ya taɓa fama da tsohuwar Fijo da safe lokacin hunturu zai gane abin da nake nufi, kuma wallahi ranar da ya kama a murzawar farko sai ka ji wani daɗi a ranka.

Bari in ba ku labarin tafiyar da ta sa na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na ajiye shi a filin Malam Aminu Kano, na kunna yanayi na gaske, watan Afrilu ne rana tsaka zafi ya kusa digiri 40, niyyata Jos. Na daɗe a ƙasa ina ta shirya rediyo da taswira inji na ta gunaguni a silo ban rage man da ke shiga masa ba, da na zo gwajin maganeto, wato na'urori biyu da ke ba fulogi wuta, kafin tashi sai na ji injin na karkarwa, allurar juyin inji ta faɗi fiye da ƙima a ɓangare ɗaya. Na buɗe tabilet ɗin da ke cikin jirgin, akwai shafin da ke nuna maka cikin injin silinda bayan silinda, sai ga fulogi ya yi datti saboda man da na bari yana kwarara masa ba ya ƙonewa duka. Maganin shi ne ka ɗaga totur ka ja jan mariƙin da ake rage man da ke shiga inji da shi a hankali, zafi ya ƙone dattin, na yi haka kamar minti ɗaya, na sake gwadawa ya koma daidai. Ba wanda ya tsara min wannan matsalar, ni na jawo ta da hannuna kuma ni na gyara, tun daga ranar ban ƙara tafiya a ƙasa ba tare da na rage mai ba.

Tashin ma ya koya min wani abu. Kano na kan tudu kamar ƙafa 1,560 daga teku, amma in zafi ya kai haka iska na yin shara-shara, jirgin ji yake kamar yana wajen ƙafa 5,000, kuma inji marar tabo (turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu. Ga shi na cika tankuna huɗu, galan 60 a fukafukai da 30 a ƙananan tankunan bakin fukafukai, galan 90 kenan, ga fasinja uku. Sai na ga titin na ta tafiya jirgi bai da niyyar ɗagawa da wuri, da ya ɗaga kuma hawa yake a hankali, ina kallon zafin silinda na ƙaruwa dole na sauke hanci kaɗan iska ta shiga. Da muka daidaita a sama kam sai tafiya ta yi daɗi, gudun not 150 da 'yan kai (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), na wuce ta gefen dam ɗin Tiga, dajin Falgore a ƙasa, can sai duwatsun Filato suka fara bayyana, kusan awa ɗaya cif. Ƙarar injin na canzawa da duk abin da ka taɓa, ka ja mariƙin farfela baya ka ji ta sauya murya, har ta kai ina gane akwai matsala da kunne kafin in kalli allura. Da damina kuma ku kula da ƙanƙarar kafireta, ko da garin ba sanyi in akwai laima a iska tana iya taruwa, ƙarfi ya riƙa raguwa a hankali, sai ka ja mariƙin ɗumi ka jira ya yi tari ya washe.

Sauka ita ce inda zai gwada ka. Filin jirgin Jos, wato Yakubu Gowon da ke Haifan, ya haura ƙafa 4,200, ga Comanche da santsin fukafuki ba ya son rage gudu, in ka zo da gudu ya yi ta shawagi a kan titi kamar ba zai taɓa ƙasa ba, in ka rage da yawa kuma ya zube tim. Sai da na yi sauka wajen ashirin tsakanin Kano da Zariya, tafiyar rabin awa ce, kafin na fara samun mai laushi. Kuma kar ka manta da sauke taya, wanda ya saba da 172 da tayoyinsa ba sa naɗewa wannan ne tarkon farko.

Yanzu wa zan ce kar ya saya? Wanda minti ashirin kawai yake da shi bayan isha'i yana so ya tashi ya kalli gari ya kwanta. Ana iya danna maɓalli a tabilet a same shi a kunne, amma in haka za ka riƙa yi kullum to ka biya kuɗin abin da ba ka amfani da shi, 172 ya ishe ka. Haka wanda ke tuƙi da kibod, nemi joyistik, wato sandar tuƙi, tukuna ko na hannu ne, shi ya fi maka amfani da kowane jirgi. Sannan mai son manyan allunan sikirin na zamani irin na G1000 ba nan ba ne, wannan agogo-agogo ne na da, sai dai za ka iya saka masa GPS irin GNS 430 ko 530, akwai otofailot mai sauƙi da zai riƙe maka hanya da tsayi, shi kenan. A wajenmu kuma akwai batun wuta, tafiyar awa ɗaya da shirin minti goma sha biyar tana son inbata ko laftof mai batir mai kyau, ga data da taswirar ke sha. Kafin ka biya ka tabbatar na wane simuleta kake saye, na 2020 ko na 2024 da ya fito a Nuwamban 2024, ni dai a na 2020 nake duk abin da na faɗa.

In kana son tsaka-tsaki, Arrow III na kamfanin Just Flight da ya fito a 2021 shi ma na tuƙa shi sosai kuma ina ganin mutuncinsa. Shi ma Piper ne mai naɗe taya, doki 200, silinda huɗu, injekta ne babu ruwanka da ƙanƙarar kafireta, gudunsa wajen not 135, ya fi sauƙin sauka nesa ba kusa ba, mataki ne mai kyau daga Cessna. Amma da na koma masa bayan Comanche sai na ji ina kewar wannan kulawar da injin ke nema a wajena.

Nawa yanzu yana ajiye a Jos tun daren Talata, na ɗaure shi na rufe, baƙin mai ya kusa isa canji kuma tankin hagu saura kaɗan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan canza man in sha fetur rabi kawai saboda tudun, in tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi in nufi Yola.