Gidan kwanan ɗalibai a Uskudar: yadda na same shi a zangon karatu ɗaya

Wata huɗu da 'yan kwanaki na yi a wannan gida, daga ƙarshen Satumba na 2021 zuwa farkon Fabrairu na 2022, lokacin da jami'armu ta tura ni Istanbul zangon karatu ɗaya a shirin musayar ɗalibai. Tun da na dawo ƙannenmu na sashe suke tambayata: su kama haya a cikin gari ne, ko su zauna a irin gidan kwanan nan da Turkawa ke kira yurt? In zango ɗaya za ka yi, shawarata ka zauna a yurt. Wanda na zauna ma zan iya koma masa, sai dai wannan karon ba zan sa hannu a takardar da ban san abin da ke cikinta ba. Sunan gidan zan bar shi a cikina, domin akwai inda suka ɓata mini rai, kuma ba tonon silili ne ya kawo ni ba.

Na sauka ne a lokacin da wurin kwana ya yi wuya ƙwarai. An dawo karatu a aji bayan zaman gida na korona, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, har wasu ɗaliban ƙasar suka riƙa kwana a filayen shaƙatawa don gwamnati ta ji kukansu. A irin wannan hali, baƙon da bai iya yaren ba, mai neman ɗaki na wata huɗu kacal, ba mai gidan da zai saurare shi. Yawancinsu yarjejeniyar shekara suke so, ga kuɗin dillali, ga kuɗin ajiya, sannan wuta da ruwa da gas duk a kanka. A yurt kuwa kuɗi ɗaya kake biya a wata, ya haɗa da gado, da ɗumama ɗaki, da intanet, da karin kumallo da abincin dare.

Gidan na maza ne zalla, na 'yan kasuwa ba na gwamnati ba, a unguwar Uskudar da ke ɓangaren Asiya. Jami'ar kuma tana ɓangaren Turai, don haka kullum sai na tsallaka mashigin Bosforus. Da farko na ɗauka wahala ce, ashe alheri ne. In na makara sai in shiga jirgin ƙasa na Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, ya bi ta ƙarƙashin ruwa ya fitar da ni Sirkeji cikin kamar minti huɗu. In da sauran lokaci, jirgin ruwa nake bi zuwa Eminonu, in sayi shayi a ciki, in zauna ta waje ina kallon yara suna gutsura simit, burodin nan mai riɗi, suna jefa wa tsuntsayen teku suna cafewa a sama. Duka da kati ɗaya ake shiga, Istanbulkart, kuma na ɗalibi yana da ragi mai yawa.

Abin da ya fi ɗaga darajar gidan a wurina shi ne ofishinsu. Wanda zai wuce kwana 90 a Turkiyya sai ya nemi izinin zama, wato ikamet, kuma hukumar shige da fice ba ta karɓar takardunka sai da shaidar inda kake kwana. Abokan tafiyata da suka raɓa a gidan wasu sun sha zirga-zirga kan wannan takarda ɗaya. Ni kuwa kwana biyu da isata mutumin ofis ya miƙo mini ita da hatimi. Shi ne ya zauna da ni ya haɗa lambar lafiyata ta HES, wadda ake bai wa kowa a zamanin korona, da katin Istanbulkart ɗina, domin a lokacin in ba a haɗa su ba katin ba ya aiki. Shi ne kuma ya faɗa mini abin da ba wanda ya faɗa mini a gida: wayar da ka shigo da ita daga waje, in ka sa mata layin Turkiyya, bayan kwana 120 za a toshe ta sai ka biya kuɗin rajista mai tsada. Haka kuwa aka yi, ƙarshen Janairu layina ya ɗauke. Da yake na riga na sani, na ari tsohuwar wayar abokin ɗakina na ƙarasa kwanakina. Duk gidan abi muke kiran mutumin nan, wato yaya, kuma ya ci sunan.

Ɗakinmu na mutum huɗu ne, gadaje biyu masu hawa biyu, kowa da tebur da durowarsa mai makulli. Ya yi mana kaɗan, musamman lokacin jarrabawa da wani ke son barci wani ke son fitila. Akwai ɗakin karatu a ƙasa, amma daga tsakiyar Disamba sai ka yi sammako kafin ka sami kujera. Tsafta kam ba laifi: ana share ɗaki, ana wanke banɗaki, ba a shiga da takalmin waje. Ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, haka bututun ɗumama ɗaki. Wanda bai taɓa ganin hunturun can ba ba zai gane girman wannan ni'ima ba. Sanyin ba irin na harmatan ɗinmu ba ne mai bushewa. Jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iska daga teku. A Disamba rana ba ta fitowa sai takwas ta wuce, don haka a cikin duhu muke fita lacca. Akwai ƙaramin masallaci a hawa na ƙasa, shi ya rufa mana asiri da asuba. Juma'a kuwa a masallacin Mihrimah Sultan nake yi in ba ni da darasi, wanda ke daura da tashar jirgin ruwa, ginin Mimar Sinan, babban maginin daular Usmaniyya, da aka kammala a 1548.

Abinci shi ne inda Bahaushe zai yi haƙuri. Da safe burodi ne da zaitun da farin cuku da tumatir da kokwamba, wani lokaci dafaffen ƙwai, sai baƙin shayi babu madara a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Da dare miyar marjimek, wani ƙanƙanin jan wake da ake dafawa har ya narke, da shinkafa ko ɓarzajjiyar alkama, da farin wake cikin miyar tumatir, wani lokaci kaza. Mai tsafta ne, yana ƙosarwa, ba kuma fargabar halal ko haram. Matsalar ita ce babu yaji, kuma harshe yana gajiya. Ummata ta ɗaure mini dakakken yaji a gwangwanin madara ranar da zan taho, shi na riƙa saukowa da shi. Wata dattijuwa mai zuba abinci, wadda muke kira teyze, wato inna, ta lura da gwangwanin. Wata rana ta miƙo bayan cokali na ɗiba mata kaɗan, ta ɗanɗana, idonta ya kawo ruwa, ta yi ta fifita baki da hannu. Daga ranar, duk sanda na zo kan layi sai ta ƙara mini ludayin miya, ta ce "afiyet olsun, oğlum", a ci lafiya ɗana. Na daɗe ban manta da ita ba.

Inda suka gaza a nan shi ne babu kicin ɗin ɗalibai, kuma an hana girki a ɗaki. A unguwannin Aksaray da Kumkapi akwai shagunan 'yan Afirka da za ka sami garin rogo da manja da busasshen kifi, amma in ka saya a ina za ka dafa? Gidan da ke karɓar baƙi daga ƙasashe daban-daban ya kamata ya ware ko da murhu biyu ne.

Ranar 24 ga Janairu dusar ƙanƙara ta rufe birnin, har aka dakatar da tashi da saukar jirage a babban filin jirgin saman Istanbul, motoci suka maƙale a manyan tituna. Ma'aikatan kicin ba su iya tafiya gida ba, a nan suka kwana, kuma da safe shayi na kan wuta kamar kullum. Wannan ya ƙara musu ƙima a idona.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta ɓata mana rabuwa. Da na zo dala ɗaya ba ta kai lira 9 ba. Ranar 20 ga Disamba ta haura 18 kafin ta sauko. Komai ya yi tsada, na kuma ga yadda abin ya matse abokan ɗakina da iyayensu ke turo musu lira. Don haka da aka ƙara mana kuɗin wata a Janairu ban yi mamaki ba, ko da yake sanarwar kwana kaɗan aka ba mu. Abin da ya yi mini ciwo shi ne kuɗin ajiya. Ranar da na zo, da baki muka yi magana da manaja cewa zango ɗaya zan yi, ya ce ba komai. Takardar da na sa wa hannu kuwa da Turkanci take, kuma ashe ta shekarar karatu ce sukutum. Da na zo tafiya sai aka nuna mini layin da ya ce wanda ya fita kafin wa'adi ya yi asarar ajiyarsa. Sau uku ina hawa ofishin manaja, sai da abokin ɗakina ya raka ni ya tsaya a kan maganar, na kuma kawo wasiƙar jami'a mai nuna ranar da shirina zai ƙare, sannan suka yarda su mayar da rabi. Sauran rabin har na hau jirgi ban gan shi ba. Duk wanda zai je, kafin ya biya ko sisi, ya sa a rubuta ranar fitarsa a jikin takardar, manaja ya sa hannu a gefen wurin, ya kuma ɗauki hotonta a wayarsa.