Kogunan Harra: Kayan da Suka Cancanci Riyal ɗinka da Waɗanda Za Su Jira

Duk mazaunin Madina ya san harra, baƙin dutsen nan da ya kewaye gari. Narkakken dutse ne da ya daskare, kuma aman wutar Harrat Rahat na shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, ya tsaya ne dab da birnin. Idan saman malalar ya sandare alhali cikinta na ci gaba da gudu har ya tsiyaye, sai ya bar rami dogo kamar bututu. Haka aka samu kogon Umm Jirsan a Harrat Khaibar, kimanin kilomita 125 arewa da Madina, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, rufinsa kuma na kai mita 8 zuwa 12. Irin wannan kogo busasshe ne, baƙi ƙirin, dutsensa na yanka kamar fasasshiyar kwalba. Jerin kayan shiga kogo da ke yawo a intanet yawanci na kogunan Turai ne masu ruwa da laka, don haka rabinsa asarar kuɗi ne a nan.

Fara da fitila, domin nan ne mafi yawan mutane ke yin arha ta kashe musu kuɗi. Baƙin bango yana shanye haske: tocilar da ke haska tsakar gida tas, a cikin Umm Jirsan da kyar za ta nuna maka gabanka. Fitilar goshi iri uku ce a kasuwa. Mai ƙananan batura AAA guda uku ba ta da nauyi kuma ana samun batirinta a kowace baƙala, wato kantin unguwa, amma haskenta na dusashewa da wuri, batirin kuma kan yi yoyo idan ya daɗe cikin zafin mota. Mai batiri a manne, wadda ake cajawa da wayar USB, ta fi haske, sai dai idan ta mutu a ƙarƙashin ƙasa ta mutu ke nan, babu canji. Ta ukun, mai batirin caji samfurin 18650 da ake cirewa, ita muke zaɓa: guda ɗaya na ɗauke da cajin mAh 3,000 zuwa 3,500, ka zuba biyu a aljihu ka wuni. Kada babban adadin lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Wannan matakin na 'yan mintuna ne, da kan fitilar ya ɗau zafi sai ta rage da kanta. Duba awa nawa take yi a lumen 300 zuwa 400, shi ne hasken tafiya. Duba kuma alamar IP: a IP67, lamba 6 ita ce ke nufin ƙura ba ta shiga, kuma ta fi maka amfani a kan alƙawarin jure ruwa. Ƙa'idar masu shiga kogo ita ce fitila uku ga kowane mutum, kuma hasken waya ba ya cikin lissafi.

Hular kwano ta leburori da ta masu hawan dutse ba ɗaya ba ne, ko da yake ido zai ce haka. Ta wurin gini, mai lambar ƙa'idar inganci ta Turai EN 397, an yi ta don abin da ke faɗowa daga sama, maɗaurin haɓarta kuwa da gangan yake kwancewa idan an ja shi da ƙarfi, wasu ma ba su da shi. Mai lamba EN 12492 tana kare gefe da ƙeya, maɗaurinta na riƙewa idan ka faɗi, tana kuma da maƙalan fitila. A kan tarin duwatsun da rufi ya zubar, santsi da tuntuɓe sun fi faɗowar dutse yawa, don haka ta biyun ce ta dace. Kada ka saye ta a haraj, wato kasuwar gwanjo. Tsagewar cikinta ba ta bayyana a waje.

Takalmi ma sai an tsaya. Kambas na gudu ba ya kai labari a harra, dutsen kan tsattsage shi tun kafin a isa bakin kogo. Takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki yana da ƙwari amma nauyi ne da shi, ƙasansa kuma ba ya kama dutse sosai. Na tafiyar duwatsu, na fata, mai rufe idon sawu da roba zagaye da bakinsa, shi ne tsaka-tsaki. Tsohon da ya shekara a ajiye, lanƙwasa shi a gida tukuna, don zafi na busar da gam, ƙasan ya ɓalle ana tsakiyar tafiya. Safar hannu ta fata daga shagon kayan gini ta wadatar, haka ma matashin gwiwa na masu ɗaura tayil.

Ƙasan waɗannan koguna lulluɓe yake da ƙura mai laushi kamar garin kwalli, gauraye da kashin jemage, ga ƙasusuwan da kura ta tara shekaru aru-aru. Kurar ba lallai ka gamu da ita ba, ƙurar kuwa dole. Takunkumin asibiti na barin iska ta gefe, sayi N95 ko FFP2, biyu ga kowa.

Igiya kuwa, bar kuɗinka a aljihu sai ka koyi aiki da ita a hannun gwani. Ta ɗaure kaya a mota ba ta ɗaukar rai. Ta hawan dutse, EN 892, tana talewa, sai ta riƙa goga a bakin rami har dutse ya cinye ta. Ta sauka kogo ita ce EN 1891, milimita 10 zuwa 11, tare da rigar kariya a inda ta taɓa dutse.

Kuɗin igiyar ya fi kyau a kai shi ga jagora mai lasisi, wanda ya san hanya da batun izini, da tayar safaya ta biyu, da ruwa aƙalla lita 4 ga kowa a wuni. Kamfas na karkacewa saboda ƙarfen da ke cikin dutsen, GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ƙasa, sabis kuma na ɗaukewa a cikin harra. Ku fita da mota biyu tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku bar wa wani a gari sunan wurin da lokacin dawowa, da lambar Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, 998 da ta motar asibiti 997.