Shafin intanet na shagon sola, da kuɗin wata-wata na ɗaga shi a Google

Kayan sola nake sayarwa a Katsina, a kan titin IBB wajen Ƙofar Ƙaura: farantai, inbata, batir da famfon burtsatse, kuma yarana suna zuwa su haɗa wa mutum a gida ko a gona. Wani matashi mai ɗan ofis a cikin gari ya yi min ayyuka biyu, kowanne da kuɗinsa daban. Na farko, ya gina wa shagon shafin intanet. Na biyu shi ne abin da masu harkar ke kira SEO, wato gyare-gyaren da ake yi don shafi ya riƙa fitowa a sama idan an yi bincike a Google, kuma shi wata-wata ake biya. Abokan kasuwa sun dame ni da tambayar wanne ya fi amfani. Na farkon ya ci kuɗinsa har da ƙari. Na biyun kuwa rabinsa ne ya amfane ni, kuma yawancin rabin nan Google kyauta yake bayarwa.

Abin da ya fara burge ni da yaron shi ne bai zo min da zane-zane ba. Zama ya yi a kan benci a shago yana sauraren masu shigowa, yana rubuta tambayoyinsu a littafi. Kusan duk tambaya ɗaya ce da fuska daban-daban: "Alhaji, ina da firiji ɗaya da fanka uku da talabijin, nawa zai ci min?" Wani kuma ya ce batir ɗin litiyom da na ruwa wanne ya fi daɗewa, wani ya tambaya ko ana biya kashi-kashi. Da waɗannan tambayoyin ya gina shafin. Kana buɗewa za ka ga tsari uku, na ɗaki ɗaya, na gida, da na shago ko ɗakin magani, kowanne da jerin abin da zai ɗauka da kimanin farashinsa. A ƙasa akwai koren maɓalli, kana taɓawa sai ka faɗa WhatsApp ɗin shago da saƙo a rubuce, ba sai ka kwafi lamba ba.

Na so a cika shi da manyan hotuna da bidiyon yarana a kan rufin kwano. Ya ce, "Baba, mai buɗe wannan shafin yana Mashi ko Kaita, da ƙaramar waya, datarsa ta kusa ƙarewa. In ya jira bai buɗe ba, fita zai yi." Ya rage nauyin hotunan, bidiyon kuma ya bar shi a Facebook. Ya kuma bayyana min cewa Google ma yanzu yadda shafi yake a waya yake dubawa kafin ya ba shi matsayi, ba yadda yake a kwamfuta ba. Na gwada shi a kan hanyar Jibiya inda sabis ke rawa, ya buɗe ba tare da ɓata lokaci ba.

Akwai abu guda da nake so duk ɗan kasuwa ya lura da shi. Sunan shafin, mai ƙarewa da .com.ng, da sunana da imel ɗina ya yi masa rajista, ba da nasa ba. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, kuma duk shekara ake sabunta rajista. Wanda sunansa ke kan rajistar shi ne mai shafi. Na san masu shago a garin nan da suka saɓa da wanda ya yi musu aiki, shafin ya tafi da shi, alhali adireshin yana jikin allon shagonsu da rasit ɗinsu. Wannan amana ita ce babban dalilin da ya sa nake tura masa mutane. Duka kuɗin ginin bai kai na batir ɗin litiyom guda ba.

Inda ya gaza a wannan ɓangaren shi ne farashi. Kayan sola da dala suke tafiya, yau wani farashi gobe wani. Ya yi shafin ta yadda sai shi ne zai iya canza lamba, in ka kira shi kuma yana wani aikin sai ka jira. Mutum ya zo da farashin makon jiya a wayarsa, kai kuma kana faɗa masa na yau, sai ya ga kamar yaudararsa ake yi. Sai da na matsa ya koya wa yaron shagona yadda zai canza da kansa. Wannan tun farko ya kamata a ce yana cikin aikin.

Sai maganar ɗaga shafi. Abin da ya fi komai kawo min mutane a nan shi ne sa shagon a taswirar Google, ta abin da ake kira Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake ce masa Google My Business. Ko sisi Google ba ya karɓa a kai. Ana sa suna, adireshi, lambar waya, lokacin buɗewa da rufewa, da hotunan shago na gaskiya, sannan a tabbatar shagon naka ne. Google da kansa ya faɗi abubuwa uku da yake dubawa kafin ya nuna shago ga mai nema a kusa: dacewar shagon da abin da aka nema, nisansa da mai neman, da kuma shahararsa, wadda ra'ayoyin abokan ciniki ke ciki. Tun da aka yi wannan na fara ganin wani irin abokin ciniki da ban saba gani ba: ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Katsina, malamin jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina da ke Abuja yana so a sa wa mahaifiyarsa sola a Rafindadi. Irin waɗannan ba su da wanda za su tambaya a majalisa, waya suke tambaya. Matashin ya kuma hana ni abin da wasu ke yi na sa 'yan'uwa su rubuta yabon ƙarya, ya ce Google ya haramta kuma yana gogewa. Duk wanda muka gama wa aiki ya ji daɗi, sai mu roƙe shi ya rubuta abin da ya gani.

Na biyu mai amfani shi ne wani kayan aiki na Google, shi ma kyauta, mai suna Search Console. Yana nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su ga shafinka. A nan muka gane masu neman famfon burtsatse mai aiki da rana suna da yawa, mu kuma layi ɗaya kawai muka ba shi a shafin. Ya ware masa shafi na musamman da Hausa da Turanci: zurfin rijiya, ƙarfin famfo, yawan farantan da ake buƙata, da girman tanki. Wannan shafin guda ya kawo min manoma da masu gidajen kaji.

To amma bayan waɗannan biyun, me nake biya wata-wata? Rahoto yake kawo min mai launi-launi, yana nuna mun tashi daga wannan matsayi zuwa wancan a kan wasu kalmomi. Na duba kalmomin, na ga wasu na neman sola a faɗin Najeriya ne. Ni ba na kai kaya Fatakwal, ba ni da yaran da za su je Ibadan haɗa inbata. Mutum dubu daga can su buɗe shafina, ba abin da zai shiga aljihuna. Aikin ɗaga shafi kamar ɗan kamasho ne a tasha: zai iya cika maka mota, amma in fasinjan ba hanyarka za su bi ba, a banza. Ni lissafina ɗaya ne, mutum nawa suka taɓa koren maɓallin nan, kuma nawa ne a cikinsu suka biya.

Ya kuma kawo shawarar mu sayi mahaɗai, wato a biya wasu shafuka su sa adireshina don Google ya ɗauka na shahara. Na ƙi. Dokokin Google sun hana sayen mahaɗa don samun matsayi, kuma shafin da aka kama ana iya jefa shi ƙasa. Don in yi masa adalci, bai taɓa yi min alkawarin lamba ɗaya ba, kuma tun farko ya faɗa min Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin, ya ce irin wannan aikin yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara kafin a ga tasirinsa. Masu turo saƙo suna cewa za su kai ka sama cikin mako guda, a guje su. Waɗanda ake gani can saman sakamako da alamar talla kuwa kuɗi suke biya a kan duk wanda ya taɓa, wannan wata harka ce daban.

Gaskiyar da na gani ita ce gasar ba ta da zafi a Katsina kamar Legas ko Kano. Masu sayar da sola a garin nan da ke da shafi mai amsa tambaya ba su da yawa, don haka da shafi mai kyau da taswira an riga an yi nisa. Mai otal ko makarantar kuɗi, wanda baƙi daga nesa ke nema kullum, wataƙila biyan wata-wata ya dace da shi. Tela ko mai turaren wuta da duk cinikinta a WhatsApp da Instagram yake, ta fara da taswira da kundin kaya na WhatsApp Business tukuna.

Na dakatar da biyan wata-wata, kuma mun rabu lafiya a kan hakan. Yanzu ina biyan sabunta suna da hayar wurin ajiye shafin duk shekara, shi kuma ina biyansa aiki-aiki. Wanda ke gabanmu shi ne shafi na masu noman rani a madatsun ruwan Ajiwa, Zobe da Sabke, waɗanda tsadar fetur ta sa suke barin injin ban-ruwa suna komawa sola. Na ce masa ina so ya kammala kafin ruwa ya ɗauke, kuma da Hausa za a fara rubuta shi.