Kwaikwayon kayan yumɓun Rumawa a wani shago a Jidda

A tsohon garin Jidda, wato Balad, akwai wani ƙaramin shagon tsaraba da ke sayar da kwaikwayon kayan yumɓun tsohuwar daular Rum, kuma tunda Hausawa mazauna nan da baƙin Umra sukan bi ta wannan layi, ya kamata mai niyyar saye ya san abin da zai biya wa kuɗi. Kaya uku ne a kwali ɗaya: jan kwano mai ado, fitilar mai, da ƙaramin tulu mai hannu biyu. Yaron shagon, wanda Bahaushe ne haifaffen Makka, bai ɓoye mini komai ba, domin tun kafin in tambaya ya ce, "Alhaji, sababbi ne, kuma na ado ne, ba na cin abinci ba."

Kwanon shi ya fi ɗaukar ido, amma shi ne ya fi kauce wa asali. Jan kwanon da Rumawa suka shahara da shi an fara yin sa da yawa a garin Arezzo na Italiya, 'yan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya sana'ar ta bunƙasa a kudancin Faransa ta yau, sannan a yankin Tunisiya. Ƙyallinsa ba na gilashi ba ne. Magina suna tace yumɓu har ya zama ruwa mai laushi, su tsoma kwanon a ciki, sannan su gasa shi da zafin da ya kai kusan digiri 1,000 a matoyar da ba ta barin hayaƙi ya taɓa kayan, sai ya fito ja mai sheƙi a natse. Na shagon nan kuwa an shafe shi da ruwan gilashi irin na tangaran, har fuska tana bayyana a jikinsa, kuma kaurin shafin ya cike ramukan adon, ta yadda ganyen inabi da zomon da ke zagaye da gefensa suka dusashe. Hanyar yin adon dai an bi ta daidai, wato an danna yumɓun cikin mazubi mai zane, shi ya sa siffofin suka taso sama da jikin kwanon. Sai dai babu hatimin magini a cikinsa, alhali Rumawa sukan buga sunan mai aikin, wani lokaci cikin siffar tafin ƙafa.

Wanda ya ce ai kayan zubi ba su da daraja, ya sani cewa su ma na asalin kayan kasuwa ne da ake yi dubbai. A Pompeii, garin da aman dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono akwati ɗauke da kwanuka 90 daga kudancin Faransa da fitilu 37, ba a ko taɓa amfani da su ba.

Fitilar ce ta biya kuɗin kwalin. Tana cika tafin hannu, tana da ƙaramin rami a tsakiya na zuba mai da baki na lagwani, aikinta kuma ɗaya ne da na aci-bal-bal. Na zuba man zaitun, na murza auduga na kunna, ta ci lafiya ba hayaƙi sosai, ko da yake man yana tsattsafowa ta gindi bayan wani lokaci, don haka sai an ɗora ta a kan faranti.

Tulun bai gamsar da ni ba. An yi masa gindi shimfiɗaɗɗe don ya zauna a kan kanta, alhali yawancin manyan tulunan da Rumawa ke safarar man zaitun da ruwan inabi da miyar kifi a ciki gindinsu tsini ne ko ɗan ƙullutu, saboda a jera su a cikin jirgin ruwa, a kuma sami wurin kamawa wajen tsiyaya. A birnin Rum har yau akwai tudun Testaccio mai tsawon kimanin mita 35, wanda fasassun irin waɗannan tuluna ne suka tara shi, mafi yawansu na man zaitun daga kudancin Sifaniya. Takardar da ke cikin kwalin ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin wannan ba, balle alaƙar Rumawa da ƙasar nan, duk da cewa Hijir da ke kusa da Al'ula ta shiga ƙarƙashinsu a shekara ta 106 Miladiyya.

Ana kuma sayar da fitilar daban ba tare da sauran kayan ba, kuma ita nake ba da shawarar a saya. Mai tafiya da ita gida a jirgi ya nemi a ƙara naɗe ta, domin kwalin shagon siriri ne, bakin lagwanin kuma ba ya jure matsi.