Littafin Haraji a Richmond da Adakar Baba

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, a gaida mini Inna da yara.

Ka sha tambayata abin da ya fi burge ni a ƙasar nan ta Amurka. Kayan miya dai na kasuwar Rimi sun fi na kantunansu ɗanɗano nesa ba kusa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke tattalin takarda.

Makon jiya na raka maƙwabciyata, wata dattijuwa baƙar fata, babban ɗakin karatu na jihar Virginia a nan Richmond, neman sunan kakanta. Ko sisi ba a karɓa ba. Ma'aikaciya ta zaunar da mu gaban na'ura, ta ɗora faifan hotunan tsofaffin littattafan haraji, ta nuna mana yadda ake juyawa. Sai na tuna zuwana wani ofishin adana takardu a gida, kwana uku ina sintiri ana ce mini mai mukulli bai zo ba.

Harajin da muke dubawa kuɗin kai ne, dala ɗaya da rabi a shekara. Tsarin mulkin Virginia na 1902 ya ce ba ka jefa ƙuri'a sai ka biya na shekaru uku da suka gabata, kuma wata shida kafin zaɓe. Baƙaƙen fata aka ɗana wa tarkon, ya haɗa har da talakawan Turawa. A Alabama bashin taruwa yake yi, har ya kai dala 36. Sai a 1964 aka hana shi a zaɓen tarayya, a 1966 kuma Kotun Ƙoli ta soke shi a zaɓen jihohi, a ƙarar da wata tsohuwa, Annie Harper, ta kai jihar nan.

Yau littattafan nan su ne madogarar jikoki. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta sunayen yawancin 'yantattun bayi, ta 1890 kuwa gobara ta cinye yawancinta a 1921. Haraji kuma duk shekara ake rubuta shi, don haka shi ke toshe giɓin. Ma'aikaciyar ta ja mana kunne: in ba ka ga sunan mutum a jerin masu zaɓe ba, kada ka ce ya rasu ko ya yi ƙaura, wataƙila kuɗin ne ya gagare shi.

Dab da la'asar muka same shi, a sashen da aka ware wa baƙaƙe, da rubutun tawada mai karkata. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Ni ma idona ya kawo ruwa.

Yaya, mu ma ai haka ne. A zaɓen 1951 a Arewa, namiji mai biyan haraji ne ke zaɓe, mata kuwa sai 1976. Haraji da jangali suna nan har 1979 da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna.

Don Allah ka buɗe adakar Baba. Rasidan harajin nan da ya ɗaure da zare, ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya ka turo mini, sannan ka sa su a leda, ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara.