Yadin rumfar ƙofar shago: wanne za ka saya kafin ka je wurin tela

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, sai kuma damina ta faɗi da iska mai ƙarfi. Rumfar da za ta jure wa biyun nan tana farawa ne daga yadin da aka yanka, kuma a nan mafi yawan masu shago suke asarar kuɗinsu.

Shuɗin tamfol na leda ya fi arha, amma rana na cinye shi har ya riƙa farfashewa a hannu, kuma ƙarƙashinsa zufa ce kawai. Buhunan hatsi da aka harhaɗa ma haka, sai dai na maneji. Ragar inuwa tana barin iska ta ratsa, ruwa ma yana ratsawa. Tamfol ɗin manyan motoci ba ya yoyo kuma yana daɗewa, sai dai yana da nauyi, wajen giram 600 a murabba'in mita, yana riƙe zafi, kuma keken ɗinki na gida ba ya iya masa.

Mu dai kanbas ɗin auduga muke ba da shawara, mai nauyin giram 350 zuwa 400 a murabba'in mita. Iska na fita ta saƙarsa, don haka zafi ba ya taruwa a kan wanda ke zaune. Da ruwan farko ya jiƙa shi zarensa zai kumbura ya toshe kafofin saƙar, yoyo ya ragu sosai muddin akwai gangare. In ya yage ana yi masa faci da allura da zare, ba sai an nemi gam ba. Aibinsa biyu ne: yana motsewa, kuma in aka naɗe shi da danshi fumfuna za ta kama shi. Maganin na farko shi ne a jiƙa shi ya bushe kafin a sa almakashi. Na biyu kuwa, kada a sauke shi sai ya bushe ƙayau. Zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan madara, domin fari fat ba ya jimirin ƙurar hunturu, baƙi kuma yana jan zafi.

Rumfa mai faɗin kusan mita 3 da tsawon mita 2 za ta ci mita 5 da rabi na yadi mai faɗin santimita 150. A yanka falle biyu, kowanne mita 2 da santimita 40, ragowar a ajiye don kusurwoyi. Haɗin tsakiya ya bi gangare daga bango zuwa gaba, a kwantar da shi a bi da ɗinki biyu. In ya gitta, nan ruwa zai tsaya. Kalmasa ta zama ninki biyu mai santimita 5, kowace kusurwa a ƙara mata ƙyalle mai kusurwa uku, zobban igiya kuma duk bayan santimita 40 zuwa 50. Gaba ya yi ƙasa da baya da aƙalla rabin mita. Ka ce wa tela ya sa allura lamba 18 ya buɗe ɗinki zuwa milimita 4 ko 5, don ɗinki mai matsi yana huda yadin a jere har ya yage ta nan.

Sai ka yi hattara a kasuwa. Akwai masu shafa wa yadi mara kauri sitaci don ya yi tauri a hannu. Murza gefensa da ƙarfi, in farin gari ya zubo ko wurin ya yi laushi nan take, ajiye masa kayansa. Ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa: haske ɗigo-ɗigo alamar sakwarkwatacciyar saƙa ce. Kada ka yarda da lambar da aka rubuta a jikin bandir, ka ɗora a sikeli. Mita 5 da rabin nan ya kamata su kai kusan kilo 3. Wani kuma zai auna maka da sandar yadi, santimita 91, ya karɓi kuɗin mita, saboda haka tafi da tef ɗinka. In an ce maka auduga ce zalla, zare ɗan silli ka kyasta masa ashana: auduga na ƙonewa ta bar toka, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Zobban ma ana ha'inci a kansu. Na baƙin ƙarfe da aka yi wa ruwan tagulla sukan yi tsatsa a damina ɗaya, tsatsar ta ci yadin da ke kewaye. Kai musu maganaɗisu, tagulla ta gaskiya ba ta mannewa. Zare kuma ka saya da kanka, na foliyesta mai kauri, domin na auduga ruɓewa yake, nailan kuma rana na kashe shi tun yadin na da sauran ƙarfi. Wajen ɗauri, haɗa igiyar da yankakkiyar robar tiyub ta yadda in iska ta fizga, robar ce za ta miƙe maimakon zoben ya tsinke.