Hayar keken tsere a ƙauyukan Cotswolds: keken ba laifi, tayoyin ne suka ɓata tafiyar

Idan a kan keken kansa ne, shagon nan da ke arewacin Cotswolds a Ingila ya cancanci yabo. Firam ɗin kabon ne mara nauyi, birkinsa na faranti mai aiki da mai, giyarsa faranti 2 a gaba, 11 a baya, sarƙar kuma a wanke take tas, ba ƙara ba tsallake. Ma'aikacin da ya miƙa mini shi ya san aikinsa. Sai da ya auna tsawon ƙafata kafin ya saita sirdi, ya ɗaure fedar da na zo da ita, sannan ya tuna mini cewa a Ingila birkin hannun dama shi ke kama ƙafar gaba, saɓanin kekunan Amurka da galibin ƙasashen Turai. Wannan tunatarwa ba ƙarama ba ce ga wanda zai sauko gangara yana kuma ƙoƙarin tuna cewa hannun hagu ake bi a titi.

Hanyar da suka loda mini a na'urar nuna hanya ita ma mai ilimi ne ya zana ta. Daga Moreton-in-Marsh ta kauce wa babban titin A429, tsohuwar hanyar Romawa da ake kira Fosse Way, wadda motoci ke gudu a kanta ba sassauci, ta bi ƙananan hanyoyi zuwa Blockley, ta faɗa Chipping Campden. A can ne za ka ga rumfar kasuwar dutse da aka gina a 1627 da majami'ar St James, wadda dukiyar cinikin gashin tumaki ta tsayar. Gidajen duk na dutsen yankin ne mai launin zuma. Daga nan sai Broadway, sai hawan Snowshill, sai a miƙe zuwa Stow-on-the-Wold, a gangara Lower Slaughter da Bourton-on-the-Water inda kogin Windrush ya ratsa tsakiyar gari.

Ƙorafina na farko a Snowshill ya fito. Lokacin da na yi rajista na nemi giyar baya mai haƙora 11 zuwa 34, suka amsa a rubuce cewa akwai. Abin da ke jikin keken 11 zuwa 28 ne. Wanda bai saba ba zai ce haƙora 6 ne kawai, amma ga lissafin: ƙaramin farantin gaba haƙora 34 gare shi, to da 34 a baya juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, da 28 kuwa kowane juyin feda sai ya tura taya sau 1.2. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ka jin bambancin. A Cotswolds kuwa babu dogon tsauni, wuri mafi tsayi shi ne Cleeve Hill mai mita 330, sai dai hawa da sauka ne ba hutu, gajerun tuddai masu tsini da wasunsu ke haura kashi 10 cikin 100. A irin wannan wurin dole ka miƙe tsaye a kan feda, gwiwa ta ɗauki nauyin da giya ya kamata ta ɗauka. Duk da haka na so in yafe wannan, don keken yana hawa da kyau.

Abin da ba ya yafuwa shi ne tayoyin. Tubles ne, wato marasa tub a ciki, faɗin milimita 28, kuma zaɓi ne mai kyau ga waɗannan hanyoyi, muddin akwai ruwan liƙi a ciki. Babban amfanin tubles a wannan farin ruwan yake: ƙaya ta huda, iska ta turo ruwan cikin hujin, ya daskare ya toshe, kai kuma ka ci gaba da tafiya. Ruwan yana bushewa cikin wata 3 zuwa 6, don haka ake ƙara mililita 40 zuwa 60 a kowace taya lokaci-lokaci. Kuma shagon da ke zaune a wannan yanki ya fi kowa sanin watan Satumba. Dokar Ingila ta hana manoma aske shingen gonaki daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda tsuntsaye masu sheƙa. Da zarar wa'adin ya cika, taraktoci sukan fito da injin askewa, su watsa guntayen rassa a kan ƙananan hanyoyi. Shingen nan yawancinsa itatuwa ne masu ƙaya, wata doguwa ce mai tauri kamar ƙayar aduwa, tana ratsa roba ba wahala.

Tsakanin Snowshill da Stow, a wata siririyar hanya da aka aske shingenta, tayar baya ta ɗauki ƙaya. Ko ɗigon farin ruwa bai fito ba, iska ce zalla ke fita. Na juya hujin ƙasa, na girgiza ƙafar kamar yadda ake yi don ruwan ya taru a wurin, shiru. Da na ɓalle gefen tayar sai ga ruwan ya bushe ƙaf, ya zama fatar roba manne da ciki, da wani dunƙule mai girman goro yana yawo. Wannan ba bushewar mako ɗaya ba ce. Ga shi kuma sun cika tayar da iska har awo 90 a ma'aunin PSI na famfo, alhali taya mai faɗin 28 ga mutum mai kilo 70 zuwa 80 awo 60 zuwa 70 ya ishe ta. Iska mai yawa tana sa keke tsalle a kan tsakuwa, kuma ko da akwai ruwan, ƙarfinta kan feso shi waje kafin ya kama.

To, an ce akwai tub na ko-ta-kwana a jakar ƙarƙashin sirdi. Kafin a sa tub dole a cire bawul ɗin tubles, wanda ɗan ƙaramin noti ke riƙe da shi a jikin rim. Da hannu ake ɗaure wannan noti, don a iya kwance shi da hannu a bakin hanya. Nasu da filaya aka murɗe shi, sai da na naɗe shi da tsumma na yi ta fama kafin ya motsa. Bayan nan na bi cikin tayar da yatsa a hankali, na zaro ƙayar da ta yi ɓarnar da wasu tsofaffi guda biyu da ruwan ya taɓa toshewa a baya. Duk wanda ya tsallake wannan mataki sabon tub ɗinsa ba zai yi mita 100 ba. Na sa tub, na mayar da taya, sai ga ainihin abin takaicin. Zurfin rim ɗin milimita 45 ne, bawul ɗin tub ɗin kuma 48. Milimita 3 kacal suka leƙo, bakin famfo ba shi da abin kamawa. Rim mai wannan zurfin bawul mai 60 yake buƙata a ƙalla, mai 80 ya fi kwanciyar hankali. Babu abin ƙara wa bawul tsawo a jakar, babu igiyar robar da ake cusa wa hujin tubles. An dai jefa tub a jaka ne ba tare da an gwada shi da ƙafar keken ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa da waya ta shiga, bayan na tura keken zuwa kan tudu don a kwarin babu sabis, ba su yi mini gardama ba. Motarsu ta zo da wata ƙafar baya, direban ya ba da haƙuri da gaske, ya sauya ta nan take, ya saita birkin don kada faranti ya goga. Sun kuma mayar mini da rabin kuɗin ranar ba tare da na roƙa ba. A lokacin har na ce a raina zan sake haya a wajensu, don ba kowane shago ne ke fitowa cikin ƙauye neman mai haya ba.

Amma jiran ya cinye la'asar. A ƙarshen Satumba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7, keken kuma babu fitila, don haka Stow da dandalinta na tsohuwar kasuwar tumaki wucewa kawai na yi, Lower Slaughter da tsohon injin niƙanta na bakin rafin Eye da Bourton kuwa dole na yanke su daga tafiyar. Su ne kuma dalilin zuwan.

Abin da ya dawo mini da ɓacin ran shi ne wajen mayar da keken. Na roƙi ma'aikacin ya duba tayar gaba a gabana. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: ka ɗaga ƙafar kusa da kunne ka girgiza, in akwai ruwa za ka ji motsinsa, ko ka sace iskar, ka kwance zuciyar bawul, ka zura siririn tsinke ka ga ko ya jiƙe. Tsinken a bushe ya fito. Na sauko gangaren Snowshill da na Stow a kan tayar gaba da ba ta da kariya ko kaɗan, kuma fashewar tayar gaba a gangara ba irin ta baya ba ce, kan keken ne ke kuɓuce maka. Amsar da na samu ita ce suna ƙara ruwan a farkon kakar haya, wato tun bazara. Keken kuwa an riga an rataya masa takardar wani mai haya na washegari da safe, tub mai bawul 48 ɗin nan kuma na ga an naɗe shi an mayar cikin jakar.